Sabon Faifai a Jikin Tsohuwar Kwamfuta

Shirin na yau zai zauna ne a gefen teburin mai gyaran kwamfuta, inda ake fama da wata matsala da ke ƙaruwa kowace shekara: tsohuwar kwamfuta tana nan da ranta, faifan ajiyarta ya mutu, irinsa kuma an daina ƙerawa. Faifan ajiya shi ne abin da masu gyara ke kira had dis. Babban allon da komai na cikin kwamfuta ke maƙale a jikinsa kuwa shi ne madabod. Za a duba yadda ake aurar da sabon faifai ga tsohon madabod, da abin da 'yar adaftar da ke shiga tsakaninsu za ta iya, da kuma inda ƙarfinta ya ƙare.

A ɗauki misalin wata maɗaba'a irin waɗanda ake gani a Kano ko Kaduna ko Zariya. A kusurwar ɗaki akwai wata farar kwamfuta da ƙura da shekaru suka mayar ruwan ƙasa, ƙirar wajajen 2002, mai ƙwaƙwalwar Pentium 4 da Windows XP. Wanda bai sani ba zai ce a kai ta bola. Amma ita ke tuƙa injin da ke fitar da fim ɗin da ake ƙona farantin ɗab'i da shi. Katin da ke haɗa ta da wannan inji ba shi da gurbi a sabuwar kwamfuta, manhajarsa kuma ba ta san wata Windows ba bayan XP. Wata safiya an kunna ta, sai aka ji cikinta yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango, sikirin ya tsaya baƙi da layi ɗaya na rubutu. Ga shi an karɓi kuɗin kalanda da katin biki na mutane.

Maganar da ake yawan ji a irin wannan rana ita ce mai gida ya ce, "Injiniya, a sa mata sabon had dis mana, mu ci gaba da aiki." Shi kuma mai gyara ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai irin nata an daina yi."

Gaskiya ya faɗa. Kamfanin Western Digital, wanda yana cikin na ƙarshe da suka ci gaba da ƙera irin wannan faifai, ya rufe babinsa a ƙarshen 2013, Seagate kuwa ya riga shi da shekaru. Wanda za a samu yau a titin Beirut a Kano ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja na gwanjo ne, an ciro shi daga cikin wata kwamfutar da ita ma ta sha jiki. Sa shi a injin da abincin gida ya dogara da shi tamkar maye gurbin tsohon jaki ne da sa'ansa.

Tsohon tsarin ana kiransa IDE, daga baya aka riƙa ce masa PATA. Ya samo asali ne a 1986, lokacin da kamfanonin Western Digital da Compaq da Control Data suka haɗa kai suka ɗauke kayan lantarkin da ke sarrafa faifai daga wani kati na daban suka maƙala su a jikin faifan kansa. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar wancan zamani ya san wayarsa: mai faɗi ce, ruwan toka, kamar ɗamara, bakinta na da ramuka 40 a layi biyu, kuma ƙa'ida ba ta yarda tsawonta ya wuce santimita 46 ba. Bayanai suna tafiya a cikinta ne kafaɗa da kafaɗa, 16 a lokaci guda, kamar sahun mahaya a hawan salla. Da gudu ya ƙaru sai sahun ya fara karkacewa, wutar wannan waya tana kutsawa cikin ta maƙwabciyarta. Shi ya sa aka fito da waya mai zare 80, inda aka sa zaren kariya tsakanin kowane biyu, ko da yake ramukan bakin suna nan 40. Da haka gudun ya tashi daga megabait 33 a sakan zuwa 66, zuwa 100, har kamfanin Maxtor ya kai shi 133 a 2001. Nan hanyar ta ƙure.

A 2003 SATA ya shigo kasuwa da wata dabara ta dabam. Maimakon sahu mai faɗi, bayanai su bi juna ɗaya bayan ɗaya a siririyar waya mai haƙora 7, amma da gudun gaske. Ya fara da megabait 150 a sakan, ya ninka zuwa 300, a 2009 ya kai 600. Kowane faifai da wayarsa shi kaɗai, tsawonta kuma na iya kai mita guda. Zuwa 2006 kamfanin Intel ya fara cire IDE daga kayan da yake yi wa madabod.

To, tunda wutar da ke yawo a wayoyin biyu ba iri ɗaya ba ce, waya tsurarta ba za ta haɗa su ba, ko da an yanka an liƙa da dalma. Sai an sa tafinta. Abin da ya sauƙaƙa aikin tafintan shi ne umarnin da kwamfuta ke ba faifai bai canja ba. Karanta nan, rubuta can, faɗi sunanka da girmanka, duk maganar ɗaya ce a tsarin biyu, hanyar isar da ita ce ta bambanta. Adaftar ɗan allo ce da ba ta kai tafin hannu ba, gefe ɗaya da bakin SATA, ɗaya gefen da filoli na IDE, a tsakiya kuma wata baƙar ƙwayar aisi wadda ita ce tafintan. Kada wani ya ɗauka wannan dabarar bayan gida ce. Faifan Raptor da Western Digital ya fitar a 2003, mai juyi 10,000 a minti, wanda aka yi ta yayi, a cikinsa tsarin IDE ne, sai wata aisi ta kamfanin Marvell a cikin allonsa da ke mayar da maganarsa SATA. Masu ƙerawa da kansu da tafinta suka fara.

Sai dai tafinta suna suka tara. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya duba kwali, adaftar yake ɗagawa zuwa haske ya karkata ta har ya karanta rubutun da ke kan aisin. Biyu ne suka fi yawo: JM20330 ta kamfanin JMicron, da 88SA8052 ta Marvell. Masu gyaran tsohon akwatin wasa na Xbox, wanda ya fito a 2001 da faifan IDE da na'urar DVD a waya guda, sun daɗe suna gwada waɗannan adaftoci, kuma mai aisin Marvell ce ta yi suna a wurinsu wajen zama lafiya da maƙwabci. Wannan batu na maƙwabci ba ƙarami ba ne. Wayar IDE guda tana ɗaukar na'ura biyu, ɗaya a matsayin masta, ɗaya a matsayin silef, kuma ana tantance wane ne wane da wata 'yar hular roba da ake kifawa a kan filoli biyu, wadda masu gyara ke kira jamfa. Adaftoci masu araha da yawa ba su da wurin jamfar sam. Sun ɗauka su kaɗai ne a waya. Da zarar an haɗa su da na'urar CD sai ɗaya ya ɓace, ko kwamfuta ta tsaya tana tunani minti guda kafin ta tashi. Shawarar wannan shiri ita ce a ba adaftar wayarta ita kaɗai, a mayar da na'urar CD baki na biyu, tunda galibin madabod na wancan lokaci bakin IDE biyu gare su.

Akwai kuma kuskuren da ake yi tun a kasuwa. Adaftar da ke haɗa sabon faifai da tsohon madabod dabam take da wadda ke haɗa tsohon faifai da sabon madabod, ga su kuma kamar tagwaye. Wasu suna yin aikin biyu, da ɗan makunni ko baki biyu na SATA da aka rubuta wa kowanne aikinsa. A karanta kafin a biya.

Yanzu a dubi hannun mai gyara. Ya zare filogi daga bango, ya taɓa ƙarfen akwatin don ya sauke wutar da ke jikinsa, abin da ya fi zama dole a lokacin hunturu da iska ke bushewa har riga tana tartsatsi. Ya hure ƙurar da ta toshe bakin IDE. Ya ɗauko waya mai zare 80, wadda ake ganewa da sirantar zarenta da launin bakunanta: shuɗi na madabod ne, baƙi na masta a ƙarshen waya, ruwan toka na silef a tsakiya. A gefe ɗaya na wayar akwai jan layi, shi ke nuna fil na 1, kuma dole ya faɗa inda aka rubuta 1 a jikin adaftar. A layin filolin akwai giɓi guda, wurin fil na 20, an bar shi da gangan don kada a juya wayar. Sai ya danna da manyan yatsu biyu, a hankali, daidai wa daida, don fil ɗaya da ya lanƙwashe ya isa ya hana komai aiki. In an yi amfani da tsohuwar waya mai zare 40, madabod zai gane, ya tsayar da gudun a megabait 33 ko da faifan na iya ninkinsa sau goma.

Ita ma adaftar tana cin wuta. Da yawansu suna son ɗan ƙaramin filogin nan na na'urar fulofi, kuma mantawa da shi na cikin manyan dalilan da ke sa a ce adafta ba ta aiki alhali lafiyarta ƙalau.

Batun wuta ya cancanci a dakata a kansa, domin a nan ne ake garin neman gira a rasa ido. Tsohon akwatin wuta yana fitar da farin filogi mai ramuka 4 da ake kira Molex: rawayar waya bolt 12, ja bolt 5, baƙaƙe biyu na ƙasa. Faifan SATA kuwa yana son baki mai faɗi mai haƙora 15. Don haka ana buƙatar 'yar guntuwar waya da ke mayar da wancan zuwa wannan. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda aka narka roba aka zuba wa wayoyin a dunƙule, akwai wadda aka matse kowace waya da ƙarfe a gurbinta, har ana iya ganinsu a jere. Ta farko ta yi ƙaurin suna a duniyar masu gyara, saboda in zafi ya tausasa robar wayoyin kan matso su taɓa juna, sai tartsatsi, sai hayaƙi, wani lokaci har da harshen wuta a bakin faifai. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, kuma babu dalilin da zai sa a sa ta farko a kwamfutar da ake barinta a kunne a ɗaki mai cike da takarda da tawada. Haka nan filogin Molex na da kusurwa biyu da aka daddatse don kada ya shiga a juye. In ya ƙi shiga, kada a tilasta masa. Wanda ya tura shi a juye ya aika bolt 12 inda ake jiran 5, faifan kuma ba zai ƙara magana ba.

To, an haɗa komai, an kunna, fanka na juyawa. A nan ne gizo ke saƙa. Adafta tana gyara baki, tana fassara magana, amma ba ta ƙara wa tsohon madabod ilimin lissafi.

Kowane faifai an kasa shi ƙananan gurabe, kowane gurbi na ɗaukar bait 512, kowanne da lambarsa kamar gidajen unguwa. Wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin madabod, mai suna BIOS, ita ke fara kiran waɗannan lambobi idan an kunna kwamfuta, kuma kowane zamani da iyakar ƙidayarsa. Kwamfutocin da suka gabaci 1994 suna tsayawa ne a megabait 528, adadin da ake samu in aka ninka 1,024 da 16 da 63 da 512. Aka gyara wannan, aka sake cin karo da katanga a gigabait 8.4, wadda ta addabi kwamfutocin kafin 1998. Sai wani kuskure a BIOS na kamfanin Award da ya sa madabod da yawa na ƙarshen shekarun 1990 suke sandarewa da zarar sun ga faifan da ya haura gigabait 33.8. Matsalar ta yi yawa har masu ƙera faifan IDE suka ƙara wata jamfa ta musamman da ke sa faifai ya rage girman da yake faɗa zuwa gigabait 32.

Katangar da ta fi shafar kwamfutar maɗaba'ar nan ita ce ta gigabait 137. Tsarin IDE ya ware gurbin lamba mai bit 28, wanda ke ƙirga gurabe 268,435,456 kawai. A ninka da 512, a samu gigabait 137 da 'yan kai, wanda Windows ke nunawa a matsayin 128 saboda bambancin ƙidaya. An faɗaɗa lambar zuwa bit 48 a farkon shekarun 2000, amma madabod da aka ƙera kafin gyaran ya iso gare shi yana nan da tsohon lissafinsa. Windows XP ta farko ma haka take, sai da gyaran Service Pack 1 na 2002 ya zo.

Haɗarin wannan katanga ya fi na sauran muni, domin ba ya nuna kansa ranar farko. A ce an sa faifai mai gigabait 500, an yanka shi gaba ɗaya a wata sabuwar kwamfuta, aka kawo shi tsohuwa, ya tashi lafiya, kowa ya yi murna. Wata uku, wata shida, ana ta zuba aiki. Ranar da rubutu ya ƙetare gurbi na ƙarshe da tsohuwar manhaja ke iya ƙirgawa, lambar na iya komawa sifili, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta sake farawa. Abin da ya kamata a rubuta can nesa sai a rubuta shi a farkon faifai, daidai inda taswirar faifan da tushen Windows suke. Washegari kwamfuta ta ƙi tashi, a ɗora wa adafta laifi, ko a ce bairos ne.

Maganin mai sauƙi ne, kuma ya fi araha. A sayi faifan da bai kai katangar ba. SSD, wato faifan zamani marar juyi, mai gigabait 120 ko 128 yana ƙasa da 137, don haka babu abin da zai ƙetare. In babba kawai aka samu, a yanka kashin da bai wuce gigabait 120 ba, a bar sauran fili ba a taɓa ba. Ana iya sabunta BIOS in kamfanin ya taɓa fitar da gyara, amma wanda zai yi haka a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama ya tabbata kwamfutar na kan UPS mai lafiyayyen batir, don yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki kan kashe madabod ɗungurungum. A da can akwai manhajoji irin su Ontrack Disk Manager da EZ-Drive da ke zama a farkon faifai suna yi wa BIOS lissafi. Sun ceci mutane a zamaninsu, sai dai faifan da aka yi wa haka kan ƙi karantuwa in an kai shi wata kwamfutar, kuma ranar ceto bayanai ranar kai faifai wata kwamfutar ce. A bar su sai in babu makawa. Faifan da ya haura terabait 2.2 kuwa, wannan wata katanga ce ta tsohon tsarin yanka faifai, kuma babu abin da kwamfutar 2002 za ta yi da irinsa.

Me ya sa shirin ya karkata ga SSD, alhali tsohuwar waya ba za ta wuce megabait 100 ko 133 ba, shi kuwa yana iya 500? Domin jinkirin tsohuwar kwamfuta ba daga faɗin hanya yake zuwa ba galibi, daga jiran allura yake zuwa. Faifai mai juyi 7,200 a minti sai ya kai allurarsa wurin da ake nema, ya jira gurbin ya zagayo, abin da kan ci sama da kashi 10 cikin 1,000 na sakan kowane karo. SSD ba shi da allura ba shi da juyi, yana amsawa cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na wannan lokaci. Ga rashin ƙara, ga ƙarancin zafi, ga sauƙi ga tsohon akwatin wuta. Kwamfutar da ake kunnawa a je a sha shayi a dawo sai ta koma tashi kafin a gyara zama.

Amma XP ba ta san halin SSD ba, sai an taimaka mata. Tana fara yankan faifai ne daga gurbi na 63, alhali SSD da faifan zamani, tun wajajen 2010, suna aiki a dunƙulen bait 4,096. Farawa daga 63 na sa kowane rubutu ya hau kan iyakar dunƙule biyu, aiki ɗaya ya zama biyu. Windows Vista da na bayanta suna farawa daga gurbi na 2,048, wanda ya zauna daidai. Don haka a yanka faifan a kwamfuta mai Windows 7 ko kuma da manhajar GParted, sannan a kawo shi. XP kuma ba ta da umarnin TRIM, wanda ke gaya wa SSD wuraren da aka goge, wannan sai a Windows 7 ta 2009. Abin da masu gyara ke yi shi ne su bar wani kaso na faifan, kamar ɗaya cikin biyar, ba a yanka ba, ya zama masa wurin numfashi.

Akwai wata hanyar ban da adafta, ita ce katin SATA da ake sokawa a farin ramin PCI. Masu aisin Silicon Image, irin su SiI3112 da SiI3114, da na kamfanin Promise, su ne aka fi sani. Fa'idar katin ita ce yana zuwa da nasa BIOS, don haka yana tsallake lissafin tsohon madabod. Wahalarsa direba: Windows XP ba ta san shi ba, sai an danna F6 a farkon lodi an ba ta direban a fulofi, in ba haka ba ta ce ba ta ga faifai ba, ko ta fito da shuɗin sikirin mai lamba 7B a ƙarshe. Ramukan PCI kuma duk hanya ɗaya suke rabawa mai megabait 133. A kwamfutar maɗaba'a, inda katin injin fim ke kan wannan hanya, ƙara masa abokin gasa ba dabara ba ce. Adaftar IDE ta fi dacewa a nan, don Windows ba ta ma san da ita ba, gani take tsohon faifanta ne.

Wani lokaci ma baki ya dace amma magana ta ƙi. Madabod da yawa na 2003 zuwa 2005 masu aisin VT8237 ta kamfanin VIA suna da bakin SATA na farko, amma ba sa iya daidaita gudu da faifan da ya fi su sauri, sai su yi kamar ba a sa komai ba. Western Digital ya tanadi jamfa a filoli na 5 da 6 da ke sauko da faifansa zuwa gudun farko. SSD ba shi da wannan jamfa, don haka mai irin wannan madabod kan koma ga kati ko adaftar IDE duk da bakin SATA na kallonsa.

Tsofaffin kwamfutocin cinya irin su ThinkPad T42 da Dell Latitude D600 suna da ƙaramin bakin IDE mai filoli 44, inda huɗun ƙarshe ke ɗauke da wuta. Ana yi musu adafta mai siffar tsohon faifan, a kwantar da ɗan SSD na mSATA a ciki. A nan juya baki na nufin ƙona kaya nan take. Injinan da suka fi haka tsufa, masu DOS, katin CompactFlash ya ishe su. SanDisk ya fitar da shi a 1994, kuma tun asali yana jin yaren IDE, adaftarsa waya ce kawai babu aisi.

Irin wannan labari yana maimaita kansa a yau da faifan NVMe, ɗan siririn nan mai kama da cingam. Kwamfutocin ofis na gwanjo, ƙirar 2010 zuwa 2013, ba su da gurbinsa, amma suna da ramin PCIe, kuma adaftar da ke kai shi can ba ta buƙatar tafinta don yarensu ɗaya. Windows 10 za ta gan shi, a ajiye kaya a ciki da gudu mai ban sha'awa. Tashi daga kansa ne matsalar, domin galibin madabod ba su koyi haka ba sai daga 2014, zamanin Z97 na Intel. Masu dabara suna sa manhajar Clover a filashi, kwamfuta ta tashi daga filashin, shi kuma ya miƙa ragama ga NVMe. A kula kuma, irin wannan siririn faifai, wato M.2, iri biyu ne masu kama da juna, na SATA da na NVMe, kuma galibi adaftar ɗaya ba ta karɓar ɗayan.

A koma maɗaba'a. Abin da ya fi faifan daraja shi ne abin da ke cikinsa: manhajar injin da faifan lodinta ya ɓace tun shekaru, da saitin da wani injiniya ya yi wanda ba a san inda yake ba yanzu. Don haka mai gyara ba ya sake lodin Windows, kwafe tsohon faifan yake yi gurbi da gurbi. Faifan da ya fara ƙas-ƙas ba a yi ta kunna shi ana gwadawa, kowane kunnawa na iya zama na ƙarshe. Ana cire shi a haɗa da wata kwamfutar, a sa manhajar ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ta dawo ta lallaɓa masu ciwo. In faifan bai fara ciwo ba, Clonezilla ta isa, kuma duka biyun kyauta ne. Bayan an kwafe a duba ko yankan ya zauna daidai, in yana kan gurbi na 63 a matsar da shi.

Da kwamfutar ta tashi, mai gyara ya shiga wurin da Windows ke jera na'urorinta, ya buɗe bayanin bakin IDE na farko. In ya ga Ultra DMA Mode 5, gudun megabait 100 ke nan, aiki ya yi. In ya ga PIO, akwai gyara, don XP kan sauko da faifai zuwa wannan tafiyar hawainiya idan kurakurai sun taru a waya, kuma galibi tsohuwar waya ce ko adafta marar kyau. Ya leƙa kafasitocin da ke kewaye da ƙwaƙwalwar kwamfutar ko akwai wanda kansa ya kumbura, ya canja ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo da saitin BIOS. Sannan ya sa Alhaji ya sayi SSD na biyu da adafta ta biyu, ya kwafe komai a ciki, ya gwada ya ga yana tashi, ya naɗe a leda ya sa a durowa. A cikin murfin akwatin ya manna takarda, ya rubuta kwanan wata, da sunan aisin adaftar, da inda jamfa take, da gargaɗin kada a yanka faifan ya wuce gigabait 120, saboda wanda zai buɗe akwatin nan gaba mai yiwuwa ba a haife shi ba lokacin da aka ƙera wannan madabod.